Mijinyawa da Dabinon da Ya Ƙi Rabuwa

A unguwar Ɗan Iya, idan ana suna ko ɗaurin aure ko sadakar arba'in, ba a tambayar wa zai raba goro. Sai dai a tambaya ko Mijinyawa ya iso. Shi ne mai rabon unguwa tun kafin in tafi karatu, kuma da na dawo bayan shekara goma sha ɗaya na tarar an yi sabon mai unguwa, an yi sabon liman, an zuba wa layinmu kwalta har ta farfashe, amma tiren tagullar da ake rabo a kai yana nan a hannunsa.

Gajere ne siriri, mai tafiya da sauri kamar an aike shi, wataƙila don aiken aka yi ta yi masa shekara talatin yana masinja a wata ma'aikata a GRA. Da ya yi ritaya sai ya kama rumfa a Kasuwar Muda Lawal yana sayar da faifai da tsintsiya. Shi ne auta a cikin 'ya'ya tara. Ya taɓa gaya mini cewa idan aka yanka kaza a gidansu daga babba ake fara rabo, kafin a iso kansa sai ƙafa ko wuya. Har ya shekara goma sha biyu yana zaton kaza ƙafa ce da wuya kawai, sauran jikin duk gashi ne. Ranar da ya ga cinya a gidan maƙwabta ya dawo gida bai yi wa kowa magana ba har kwana biyu. Matarsa A'i ta ce tun daga ranar bai warke ba.

Al'adar da ya tarar a unguwa ita ce, saura na mai rabo ne. In an kasa goro gida-gida, abin da ya yi saura sai mai rabo ya zuba a aljihu, ladan wahalarsa ke nan. Wanda ya riƙe tiren kafin shi ya gwanance ƙwarai, har sauran yakan fi kason gida uku. Da ya rasu, dattawa suka miƙa wa Mijinyawa tiren a ƙofar masallaci bayan la'asar. Ya karɓa, ya ce shi ba zai ci saura ba, don ba za a taɓa samun saura a rabonsa ba, kuma ba zai cika da na aljihunsa ba.

Sai aka ji dariya daga bayan sahu. Ɗanlarai ne, ɗan kawunsa kuma taubashinsa, wanda ya so a ba shi tiren.

"Ɗan gwaggo, ba za ka yi wata guda ba," in ji shi.

Mijinyawa ya fusata ya ce, "Jama'a ku shaida. Ranar da aka ga saura ko ƙwaya ɗaya a kan tiren nan, na ba Ɗanlarai shi."

Jama'a suka shaida. Shekara talatin da ɗaya ke nan Ɗanlarai bai taɓa fashin rabo ba. Yakan zo da wata riga mai zurfin aljihu, ya zauna kusa da tire, yana jira. Saboda rigar ne Mijinyawa ke kiransa Mai Aljihu.

Mijinyawa bai iya lissafin takarda ba. Da kashi yake aiki. In ya kasa abu gida-gida ya ga bai tafi daidai ba, sai ya kwashe ya canza yawan kashin: ya ƙara ladan, ko mai shayin bakin titi, ko ya haɗe gidajen wa da ƙane su zama kashi ɗaya, har abu ya faɗa daidai. Ba ya yanka komai, ba ya ɓare goro biyu. Cewa yake abin da ya zo guda, guda zai tafi. Kuma don gudun magana, ko kason gidansa ba ya taɓawa, A'i da yara ke cinyewa. Sau ɗaya ne aka ga gumi a goshinsa, ranar da aka kawo goro ɗari da ashirin da bakwai. Ya juya su ta kowace fuska suka ƙi. Daga ƙarshe ya tsaya a bakin titi ya ba mutum ɗari da ashirin da bakwai ɗaya-ɗaya, har da wani direban tasi da ya tsaya tambayar hanya.

A shekarar da na dawo, ana saura kwana biyar azumi, ran Litinin, wata mota ta tsaya a ƙofar masallaci. Direba ya sauke buhu biyu na dabino. Hajiya Yagana ce ta aiko, 'yar unguwar ce da aure ya kai ta GRA, sadaka ce take yi wa mijinta marigayi. Direban ya faɗi saƙonta a gaban liman: a raba daidai, kada wani ya fi wani, kuma a gama kafin a sha ruwan farko na azumi. Ita kuwa a ranar ta tashi zuwa Umra.

Mijinyawa ya shimfiɗa tabarmi huɗu, ya zazzage. Ya kasa goma-goma, ya haɗa su ɗari-ɗari. Kashin ɗari tamanin da ɗaya, kashin goma tara, da ƙwaya ɗaya. Ya sake ƙirgawa, A'i ma ta fito da mayafinta ta ƙirga. Dubu takwas da ɗari da casa'in da ɗaya.

Gidajen da ke cikin rabon unguwa sittin da uku ne. Ya fara kasawa da hantsi, ya gama bayan azahar. Kowane gida ɗari da talatin cif. A tsakiyar tire kuma ga ƙwaya ɗaya tana zaune, 'yar ƙarama, a yamushe, da lotsawa a gefe.

Ɗanlarai ya miƙe yana karkaɗe riga. "Alhamdu lillahi. Ɗan gwaggo, miƙo tiren, hannunka ya gaji."

"Zauna, Mai Aljihu. Ban ce na gama ba."

Ya kwashe duka. Ya aika aka kira Dele, Bayerabe mai gyaran janareta da ke haya a ƙarshen layi, wanda ko da yake Kirista ne ba a taɓa tsallake gidansa a rabon naman layya ba. Da shi gidaje suka zama sittin da huɗu. Aka sake kasawa. Kowane kashi ɗari da ashirin da takwas, sai na ƙarshe ya tsaya a ɗari da ashirin da bakwai. Ɗazu ɗaya ta yi yawa, yanzu ɗaya ta kasa.

"Baba, ba komai," in ji Dele. "Ba ni ƙaramin. Matana ma ba ya cin dabino sosai."

"Ba kai ka yi alkawari ba, Dele."

Wani dattijo ya ce a je Muda Lawal a sayo ƙwaya ɗaya a cika. Mijinyawa ya ce sadakar Hajiya ce, ba za a cusa mata dabinon da ba ta san shi ba. Wani ya ce to a mayar mata da ɗaya. Liman ya ce abin da aka riga aka bayar sadaka ba a mayar wa mai shi. Aka kira wayarta ko za ta ba da izinin a ƙara, wayar ba ta shiga. Ɗanlarai ya ciro reza daga aljihu ya ce shi don zumunci zai taimaka a yanka ƙwayar gida sittin da uku, in ya so kowane gida a aiko da mai kyakkyawan gani ya karɓa.

Talata tun da safe Mijinyawa ya koma kan tabarmi. Ya sa ladan a lissafi, kashi sittin da biyar: saura ɗaya. Ya haɗe gidajen wa da ƙane, ya cire Dele da ladan, kashi sittin da biyu: saura bakwai, Ɗanlarai ya ce wannan ya fi masa. Ya tsallaka titi ya ɗebo gidajen da ba su taɓa shiga rabonmu ba, kashi saba'in: saura ɗaya. Saba'in da takwas: saura ɗaya. Kuma ya rantse ƙwayar nan ce dai mai lotsawa take saura kullum, ko da ya cusa ta can ƙasan tsibi. A'i ta gaji, ta ɗauke ta ta sa a ɗan sosa, ƙaramin farantin shayi, ta ɗora a kan kantar kwanukan ɗakinta.

"Bar Baƙo ya huta," in ji ta. "Kai ma ka zo ka ci tuwo."

Sunan ya bi ƙwayar. Kafin la'asar mata na leƙowa suna tambayar A'i yaya Baƙo ya kwana.

Ran Laraba na zauna kusa da shi na ciro waya, na gwada lambobi da dama, na ce masa da alama babu abin da zai raba wannan adadi. Ya dubi wayar ya ce ita ba ta yi wa kowa alkawari a ƙofar masallaci ba, don haka ba abin da zai hana ta saurin sallamawa. Sai na ce to mu je wurin Malama Agnes, wadda ta koya wa rabin unguwar lissafi kafin ta yi ritaya ta koma kiwon kaji a bayan makarantar firamare. Ɗanlarai ya biyo mu, wai kada a yi wani abu a bayan idonsa.

Muka same ta tana ba kaji dusa. Bayan gaisuwa Mijinyawa ya faɗi matsalarsa da adadin. Ta goge hannu, ta shiga ɗaki ta fito da guntun alli, ta tsaya a jikin bangon akurki.

"Malam Mijinyawa, kashi nawa-nawa ka gwada?"

Ya lissafa mata. Ya ce in ta kama zai gwada har dubu takwas.

"Kafin ka gama an yi Sallah an yi wata. Duba nan. Casa'in sau casa'in, dubu takwas da ɗari. Casa'in da ɗaya sau casa'in da ɗaya ya wuce dabinonka. To in har zai rabu, ko dai yawan kashin ko abin da ke cikin kowane kashi, ɗayansu ba zai wuce casa'in ba. Ka ga ba mu da aiki da abin da ya haura casa'in."

"To."

"Kuma in biyu ta kasa raba shi, huɗu da shida da takwas ba za su iya ba. In uku ta kasa, tara ba ta da magana. In muka zubar da irin waɗannan, saura ashirin da huɗu kawai za mu gwada."

Ta jera su a bango, daga biyu, uku, biyar, bakwai, sha ɗaya, har tamanin da tara. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kaji na zagaye ƙafarta. Kowacce ta gwada sai ta bar saura. Da ta kai ta ƙarshe sai ta jefar da allin, ta tafa hannu, ta yi 'yar rawa a tsakiyar dusa.

"Kai, Malam, ka yi sa'a! Shekara talatin da biyar ina koyarwa, a littafi kawai nake ganinta. Yau ga ta an kawo ta Ɗan Iya a cikin buhu!"

"Malama, ta rabu?"

"Ina! Ba za ta taɓa rabuwa ba. A aji muna ce wa irinsu firam. Lamba ce da ba mai raba ta daidai sai ɗaya, sai kuma ita kanta."

Mijinyawa ya nemi turmi ya zauna. Ɗanlarai ya tambayi Malama ko tana da tsumma mai kyau na goge tagulla.

Can Mijinyawa ya ɗago, ya yi tambaya irin ta wanda aka zo neman auren 'yarsa. "Ita wannan lambar, 'yar gidan wa ce? Tana da asali?"

"Asali kai! Gidansu sananne ne." Ta tsinci allin. "Ajiye ɗaya. Ninka, ka ajiye biyu a gefenta, sun zama uku. Ninka, huɗu, sun zama bakwai. Takwas, sha biyar. Sha shida, talatin da ɗaya. Ka yi ta ninkawa kana tarawa. In ka yi kashi goma sha uku, na ƙarshe dubu huɗu da casa'in da shida, jimillarsu dabinonka ne cif. Ba duk 'yan gidan ke da taurin kai ba, sha biyar tana rabuwa, sittin da uku ma haka. Masu taurin kan su ne uku, bakwai, talatin da ɗaya, ɗari da ashirin da bakwai..."

"Tsaya!" Mijinyawa ya miƙe. "Ɗari da ashirin da bakwai? Na san ta! Ita ta tsayar da ni a titi da goro!"

"Ƙanwarta ce. Daga ita sai wannan taka."

"Wato yarinyar ce ta je ta kira yayarta." Ya girgiza kai. "Tana da abokiyar tagwaitaka? In sani tun yanzu."

Malama ta ce wasunsu kan zo biyu-biyu, lamba ɗaya ce kawai a tsakaninsu, kamar sha ɗaya da sha uku, amma wannan ita kaɗai aka haifa. In ka rage mata biyu, sha tara za ta raba abin da ya rage, in ka ƙara biyu, uku za ta raba. Ta kuma nuna masa dalilin wahalarsa. Maƙwabciyarta ta ƙasa, wato in an cire ɗaya, ba ta ƙin kowa: biyu, uku, biyar, bakwai, sha uku, sittin da uku, saba'in, duk suna raba ta, shi ya sa yake ta ganin saura ɗaya. Ta sama kuma, in an ƙara ɗaya, ana raba ta biyu, a sake raba biyu, har sau goma sha uku, shi ya sa sittin da huɗu ta kasa da ɗaya.

"Maƙwabta na kirki dama da hagu," in ji Mijinyawa, "ni kuma aka kawo mini ta tsakiya."

"Hanya biyu ce kawai," in ji Malama. "Ko mutum ɗaya ya kwashe duka..."

"Na ɗauki nauyi," in ji Ɗanlarai.

"...ko mutum dubu takwas da ɗari da casa'in da ɗaya kowa ya sami ɗaya."

Labarin kashi goma sha uku ya riga mu isa unguwa. Mai unguwa ya aiko cewa shi ya ga hikima a ciki: a raba haka bisa girma, shi a matsayinsa zai haƙura da babban kashin, mai shayi ya ɗauki ƙwaya ɗayar. Mijinyawa ya wuce wurin liman, ya tambaye shi ko a saƙon Hajiya an ambaci gida. Liman ya tuno saƙon, ya ce a'a, cewa aka yi kada wani ya fi wani.

"To mutum-mutum za a yi," in ji Mijinyawa.

Matsalar ita ce yadda za a hana mutum karɓa sau biyu. Malama Agnes ta kawo tawadar hatimi kwalba uku da ta rage mata tun tana aiki. Duk wanda ya karɓa sai a shafa masa a farcen ƙaramin yatsa. Ita da A'i suka ɗauki shafawa, Mijinyawa na miƙawa daga tire, Dele ya rufe shago ya sa buhunan a tsohuwar motarsa.

Ran Alhamis aka fara da unguwa, kuma a nan aka fi shan zagi. Gidan da ya sa rai da ɗari da talatin ya tashi da shida. Wata mai juna biyu ta ce a ba ta biyu, Mijinyawa ya ce in ya fito ya nuna yatsa za a ba shi. Jarirai kuwa an shafa musu, iyaye suka karɓar musu. Unguwa duka ba ta ci dubu ɗaya ba, sai suka wuce ƙofar Muda Lawal.

A can mutane suka tsaya nesa suna kallo. Dabino ɗaya kyauta, da tawada a yatsa? Wani mai hatsi ya matso ya tambaya a hankali, "Baba, kansila kake nema? Wace jam'iyya?" Wata mai daddawa ta karɓa ta ce ita dai ta ci, amma kada ya sa rai da ƙuri'arta a kan ƙwaya ɗaya, na baya ma atamfa ya ba su. Mijinyawa ya yi ta bayanin Hajiya da marigayi da lambar da ba ta rabuwa, har muryarsa ta dishe, ya koma cewa "Sadaka, miƙo yatsa" kawai.

Juma'a ce ta cece su. Suka tsaya a hanyar fitowa daga masallaci, Dele ya ce mutum goma na farko su yi layi. Da jama'a suka ga layi sai suka shiga, ba wanda ya tambayi na mene ne. Kafin wani lokaci layin ya sha kwana. A can baya ana cewa shinkafa ake rabawa, a bayan baya kuma an ce taki ne. Mutum ya yi minti arba'in a rana, ya iso gaba, a ɗora masa dabino ɗaya a tafin hannu. Wasu suka yi dariya, wasu suka yi addu'a ga marigayin, wani ya tsaya yana juya ƙwayar yana tambaya ko akwai lamba a ciki da za a je a karɓi buhun. Amma ba wanda ya gaya wa na baya gaskiya, kowa so yake na bayansa ma ya gani da idonsa.

A cikin layin ne wani mutum ya iso da rawani ya rufe fuska har hanci, ya miƙo hannun hagu. Mijinyawa bai ko ɗaga kai ba.

"Mai Aljihu, ka canza hannu ka canza kai, ka manta ka canza riga. Nuna na dama."

Farcen dama shuɗi ne tun Alhamis. Ɗanlarai ya ce shi dama gwada tsaron aikin yake yi.

Aka ga wata, Asabar aka tashi da azumi. Saura 'yan ɗaruruwa a gindin buhu. Suka bi masu gadin gidajen GRA, suka bi masu keken haya mai ƙafa uku a mahaɗa, suka ƙare a tasha, inda fasinjojin Jos da na Gombe suka karɓa suka sa a aljihu don shan ruwa a hanya. Bayan la'asar sosai Mijinyawa ya miƙa wa wani kwandasta ta ƙarshe, ya zazzage buhu biyu, ya kife tire. Babu komai. Dele ya yi ta danna ham har Ɗan Iya.

Rana ta yi ja lokacin da suka iso ƙofar masallaci. An shimfiɗa tabarmi, an jera kofunan kunu, dattawa na zaune da dabinonsu ɗaya-ɗaya a gabansu. Mijinyawa ya ɗaga tire sama ya juya shi kowa ya gani. Ana cikin yi masa barka A'i, wadda ta shiga gida ɗora ruwa, ta fito da gudu ba ko takalmi. Sosa ne a hannunta.

"Malam," in ji ta. "Mun manta da Baƙo."

Tun Talata yana kan kantar kwanukanta.

Ɗanlarai ya ajiye kofinsa, ya taso a natse, ya kama gefen tiren da hannu biyu. "Jama'a, kun dai shaida. Ladan, ka duba agogo."

Ladan ya ce saura minti huɗu.

Mijinyawa ya saki tiren, ya fizgi sosan, ya bi sahu. "Yatsa! Ku nuna yatsa!" Duk shuɗi. Ya ruga bakin titi. Titin da ke cike ɗazu ya zama wayam, kowa ya shige gida jiran kiran salla. Wani mai keken haya ya taho a guje, ya ɗaga masa ƙaramin yatsa bai ko tsaya ba. Ya leƙa gidan farko, mata suka ɗago hannuwa, har jaririyar da ke goye. Ya dawo yana haki, ya tsaya yana kallon wata akuya da ke cin bawon lemo.

"Ba ta cikin mutane," in ji Ɗanlarai.

Ladan ya shiga ya kunna lasifika, aka ji yana hura ta.

Malama Agnes na jingine da motar Dele da kwalbar tawada a hannu. Ta ce, "Malam Mijinyawa, mu ga naka hannun."

Ya duba. Farcensa goma fari tas.

"Ni mai rabo ne, Malama."

"Mai rabo ba mutum ba ne? Na gaya maka mutum dubu takwas da ɗari da casa'in da ɗaya. Ka ba dubu takwas da ɗari da casa'in. Kai ne cikon."

"Ban yarda ba!" in ji Ɗanlarai. "Ya ce ba zai ci saura ba. Wannan ƙwayar kuwa tun Litinin sunanta saura, kowa ya sani!"

Aka juya ga liman. Liman ya gyara zama ya ce, "Ɗanlarai, kai nawa ka samu?"

"Ɗaya, Allah gafarta Malam. Na nemi biyu aka hana ni."

"In Mijinyawa ya ci wannan, nawa ya samu?"

"Ɗaya."

"Ya fi ka?"

Ɗanlarai ya duba sama, ya duba tire. "Bai fi ni ba."

"To rabonsa ne. Saura shi ne abin da ya rage bayan kowa ya samu, shi kuwa bai samu ba tukuna."

A'i ta karɓi kwalbar, ta kama ƙaramin yatsan mijinta ta shafa masa, har ta zarce zuwa gaɓa don kowa ya gani. Ladan ya ɗaga murya. Mijinyawa ya zauna a bakin tabarma, ya yi bismilla, ya jefa Baƙo a baki. Shekara talatin da ɗaya yana rabo, ranar ya fara ɗanɗana abin da ya raba.

Ya daɗe yana tauna. Ƙwayar ta sha hannu ta sha iska, ta bushe ƙamas. Jama'a suka shanye kunu yana tauna. Da ƙyar ya haɗiye, ya ciro ƙwallon ya duba.

"Ashe haka dabinon Hajiya yake? Abin da na bi mutane da shi har tasha ke nan?"

"Namu da taushi," in ji A'i. "Naka ne dai ƙafar kaza."

Ɗanlarai ya saki gefen tiren, ya goge wurin da ya riƙe da hannun riga, ya ce dama tiren ya yi masa nauyi.

Da Hajiya Yagana ta dawo aka ba ta labari, ta ce ita buhu biyu kawai ta ce a auno, ba ta san an ƙirga ba. Ta ji daɗi dai da aka ce mutum sama da dubu takwas sun yi wa marigayi addu'a, ko da an cire waɗanda suka yi tsaki.

Har yanzu tiren na hannun Mijinyawa, sai dai ya sauya tsarin aiki. Malama Agnes ta rubuta masa jerin lambobin da ba sa rabuwa a takarda, yana ajiye ta a cikin hula. A ƙasan takardar ta rubuta masa yayar ta dabino, mai bi mata a gidansu, dubu ɗari da talatin da ɗaya da saba'in da ɗaya, ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Ya taɓa tambayata ko mutanen Bauchi sun kai haka, na ce sun wuce, ya ce to alhamdu lillahi, amma tawada ce ba za ta isa ba.

Yanzu in ka kawo masa goro ko alawa ko dabino, ba ya barin ka furta kalmar sadaka sai ya ƙirga. In ya gama sai ya cire hula ya duba takarda. In adadin na ciki, sai ya tura maka tiren ya ce, "Kayanka ne har yanzu. Ci ɗaya." Mutane da yawa sun ci goro a tsaye a ƙofar masallacinmu ba da niyya ba. Wanda kuma ba ya cin goro, ko yake azumin nafila, ba ya rasa mataimaki, don Ɗanlarai na nan zaune a gefen tire da rigarsa, ya ce shi saboda zumunci ba ya ƙin a ba shi.